Tambayoyinku: Sunaye a Laburaren Manhaja da Nauyin Sauya Su

Wasiƙun da suka taru a wannan karo sun karkata wuri guda, wato sunayen da masu rubuta manhaja ke raɗa wa abubuwan da ke cikin laburarensu, da abin da ke biyo baya ranar da suka so sauya su. Ga wanda bai saba da sana'ar ba, laburare ƙunshin kod ne da wani ya riga ya rubuta, ya ba kowane aiki da ke cikinsa suna, domin sauran jama'a su riƙa kiran sunan maimakon su sake rubuta aikin tun daga tushe. Na zaɓi wasiƙu biyar, na taƙaita wasu daga cikinsu ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, wata na takwas ke nan ina koyon harshen rubuta manhaja na Python. An koya mana cewa sunan aiki da ƙananan baƙaƙe ake rubuta shi, a raba kalmominsa da ɗan layin ƙasa, kamar read_text. Amma a cikin laburaren da ya zo tare da harshen kansa na ci karo da getLogger da assertEqual da setUp. Shin masu harshen ba sa bin dokar da suka kafa ne, kuma me ya hana su gyarawa? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idonka ya gani daidai, kuma abin da ka gani yana da tarihi. Ƙa'idar da aka koya muku tana cikin takardar da ake kira PEP 8, wadda Guido van Rossum, mutumin da ya ƙirƙiro Python, ya fitar tare da Barry Warsaw a shekarar 2001. Sashen gwaji na unittest, inda assertEqual da setUp suke, ya riga takardar shiga harshen da 'yan watanni, a Python 2.1, kuma an ɗora shi ne a kan tsarin JUnit na harshen Java, inda al'adar ita ce a manne kalmomi wuri guda a fara ta biyu da babban baƙi, abin da ake kira salon tozon raƙumi saboda yadda baƙin yake tasowa a tsakiyar suna. Sashen logging kuwa, inda getLogger yake, ya zo a 2003 cikin Python 2.3, shi ma da kamannin log4j na Java. Kowannensu ya shigo da kayan gidansu a jikinsa, kuma kafin a ankara mutane sun riga sun gina ayyukansu a kan waɗannan sunaye.

A nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Ranar da aka saki laburare ga jama'a, sunayen da ke cikinsa sun fita daga hannun wanda ya raɗa su, sun zama alkawari tsakaninsa da duk wanda ya rubuta sunan a cikin nasa kod. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, kuma ban san wurin da wannan karin magana ya fi zama daidai kamar nan ba. Sauya getLogger zuwa get_logger aikin minti biyu ne a wajen masu kula da Python, amma a ɗaya ɓangaren akwai manhajojin da ba su ƙirguwa, wasu an rubuta su shekara ashirin da suka wuce, wasu marubutansu sun bar aikin, wasu kuma suna gudana a wuraren da ba wanda yake da izinin taɓa su ba tare da doguwar tantancewa ba. Dukansu za su tsaya cak a rana guda, kuma abin da za a samu a madadin wannan ɓarna shi ne suna mai ɗan kyan gani. Ita kanta PEP 8 ta faɗa ƙarara cewa kada a karya abin da ke aiki don kawai a bi ta, har ma ta halatta salon tozon raƙumi a inda ya riga ya zauna.

Wannan ba ciwon Python kaɗai ba ne. In ka duba harshen C za ka ga strcpy da strlen da strcmp da malloc, dukansu baƙaƙe shida shida, domin tsofaffin kayan haɗa manhaja ba sa duba abin da ya wuce 'yan baƙaƙen farko na suna, har ma ƙa'idar C ta 1989 ba ta ba da tabbacin bambance sunayen waje fiye da baƙaƙe shida na farko ba. Wannan takura ta daɗe da gushewa, amma sunayen suna nan daram. A tsarin Unix akwai umarnin ƙirƙirar fayil da aka rubuta creat, babu wasalin ƙarshe, kuma sananne ne cewa da aka tambayi Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina tsarin, abin da zai sauya in da zai sake gina Unix, sai ya ce zai ƙara wa creat wasalin nan. Bai ƙara shi a Unix ba. Amma a sabon harshen da ya shiga aikin ginawa daga baya, wato Go, an rubuta kalmar cikakkiya. Haka kuma kalmar Referer a HTTP, ƙa'idar da burauza ke bi wajen neman shafukan intanet, wadda aka rubuta da kuskuren baƙi ta shiga takardar RFC 1945 a 1996, har yau duk burauzar duniya a haka take aika ta, alhali kuwa kanun da aka ƙaro daga baya, Referrer-Policy, an rubuta shi daidai. Su biyun suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

Idan masu laburare suka ga lallai sai sun gyara, hanyar da masu hankalinsu ke bi ita ce ƙari, ba ragi ba. A Java launin ja da farko Color.red ne, da ƙananan baƙaƙe, abin da ya saɓa wa al'adarsu ta rubuta ƙayyadaddun ƙima da manyan baƙaƙe, sai suka ƙara Color.RED a Java 1.4 a 2002 suka bar tsohon yana aiki. Python ma ta yi haka a sashen threading: ta kawo is_alive a 2008, ba ta cire isAlive ba sai a Python 3.9 a 2020, bayan shekara goma sha biyu.

Kai kuma a naka sabon kod ka bi PEP 8, amma inda laburare ya nemi suna ka ba shi yadda ya nema, baƙi da baƙi. Idan ka ɗauki gyara ka rubuta set_up a gwajinka maimakon setUp, unittest ba zai yi maka ƙorafi ba, kawai ba zai taɓa kiran aikin ba, sai ka wuni kana neman dalilin da ya sa gwaje-gwajenka ke faɗuwa.

Tambaya: Malam, ina kula da wani ƙaramin laburare na Python a wurin aikinmu, wanda na fara rubutawa tun hannuna bai faɗa ba. Yanzu sassa da dama suna amfani da shi, kuma sunayensa a cakuɗe suke: akwai kawoBayani, akwai adana_bayani, akwai ma wanda na kira yi2. Kullum na buɗe shi sai raina ya ɓaci. Ta yaya zan daidaita su ba tare da na ɓata wa abokan aikina ayyukansu ba? Daga wata ma'aikaciya.

Amsa: Malama, kin yi kyan kai da kika tambaya kafin ki taɓa, domin da yawa sai bayan sun taɓa suke tambaya. Kafin komai ki raba sunayen gida biyu. Akwai wanda muninsa a ido ne kawai, kamar kawoBayani, wanda duk mai karatu ya san abin da yake yi. Akwai kuma wanda ba ya faɗin komai ko yake faɗin abin da ba haka ba, kamar yi2. Na biyun ya cancanci wahalar da za a sha a kansa, domin kullum yana ɓatar da mutane. Na farkon kuwa, a ganina, ki ƙara masa sabon suna ki bar shi ya yi ta zamansa, ko da har abada ne, tunda layi biyu kacal zai ci a laburaren. Haka laburaren Beautiful Soup ya yi da ya koma siga ta 4: ya kawo find_all, ya bar findAll yana aiki shekara da shekaru.

Tsarin da aka saba bi shi ne ki mayar da ainihin aikin ƙarƙashin sabon suna, ki mai da tsohon ya zama inkiya, wato ba abin da yake yi sai ya miƙa kiran ga sabon. Sannan ki sa tsohon ya riƙa fitar da gargaɗi duk lokacin da aka kira shi, kuma gargaɗin ya faɗi abu uku: wannan suna zai yi ritaya, ga wanda ya gaje shi, ga sigar da za a cire shi. Gargaɗin da bai nuna wa mutum inda zai koma ba hayaniya ce kawai. Ki kuma sani cewa Python tana ɓoye gargaɗin DeprecationWarning a mafi yawan lokuta, ba a cika ganinsa ba sai a babban fayil ɗin da aka kunna kai tsaye ko a lokacin gwaji, saboda haka kada ki ɗauka kowa ya gani don kawai kin saka. Ki rubuta a takardar sauye-sauye, ki sanar da baki. Tunda ma a wurin aiki guda kuke, kina da gatan da masu manyan laburare ba su da shi: kina iya bincika kod ɗin kowane sashe ki ga inda ake kiran tsohon suna, har ki aika musu da gyaran da kanki. Wanda ya jawo sauyi shi ya fi cancanta ya ɗauki dakonsa.

Akwai ramuka uku da inkiya kaɗai ba ta rufe su, kuma a nan nake so ki fi natsuwa. Na farko shi ne sunan abin da ake miƙa wa aiki. A Python mutum yana iya kiran aiki ya ambaci sunan kowace ƙima, kamar kawo_bayani(lamba=5), don haka kalmar lamba ita ma ta shiga alkawarin ko da ba ki yi nufin haka ba. Wannan rami ni kaina na taɓa faɗawa cikinsa. A wani wuri da na yi aiki na sauya sunan wata ƙima guda a laburaren cikin gida, gwaje-gwajena duka suka wuce lafiya domin ni ban taɓa kiran ta da suna ba, amma wani aikin dare da ke haɗa rahoto yana kiran ta da suna, washegari mutanen da ke jiran rahoton suka iso babu shi. Har yau ina jin nauyin abin, domin ba su yi laifin komai ba, amincewa kawai suka yi da abin da na ba su. Tun Python 3.8, a 2019, akwai alamar da ake sawa a jerin ƙimomi don a hana kiran su da suna, kuma tana da amfani ga sabon aiki. Masu harshen PHP ma sun shiga wannan hali da siga ta 8.0 ta kawo kira da suna a 2020, inda sunayen da a da ba wanda ya damu da su suka wayi gari a cikin alkawari.

Rami na biyu ya fi na farko haɗari domin ba ya ƙara. Aji ƙunshi ne na ayyuka masu alaƙa, wanda wani zai iya gada, wato ya ɗora nasa a kansa. Idan wani ya gaji ajinki ya sake rubuta kawoBayani a nasa ajin don ya sauya halinsa, ke kuma laburarenki ya koma kiran kawo_bayani a ciki, to nasa gyaran ba za a ƙara kiran sa ba, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito. Manhajar za ta ci gaba da tafiya tana ba da sakamakon da ba shi ne ba. Maganinsa shi ne a tsawon lokacin sauyin laburaren ya riƙa dubawa ko an sake rubuta tsohon sunan a wani aji, in an yi ya kira shi ya kuma yi gargaɗi. Rami na uku shi ne bayanan da aka riga aka adana. Sashen pickle, alal misali, yana rubuta sunan aji da sunan fayil ɗin da yake ciki a jikin abin da ya adana, don haka in kika sauya sunan aji, fayilolin bara ba za su buɗu ba. Haka abin yake ga sunayen da ke cikin fayilolin saiti da ginshiƙan rumbun bayanai.

Game da tsawon jira, babu adadi guda da ya dace da kowa. Manufar Python da ke cikin PEP 387 ta nemi a yi gargaɗi na aƙalla sigogi biyu, kusan shekara biyu ke nan, amma a aikace sukan wuce haka nesa: inkiyar assertEquals an yi mata sanarwar ritaya a Python 3.2 a 2011, ba a cire ta ba sai a 3.12 a 2023. NumPy, laburaren lissafi na Python, ta ba np.int da np.float kusan shekara biyu, daga siga 1.20 a farkon 2021 zuwa 1.24 a ƙarshen 2022, kuma duk da haka mutane da yawa sai ranar da kod ɗinsu ya tsaya suka san da maganar. Ke ki auna da yadda abokan aikinki ke sabunta nasu. Ranar da za ki cire kuwa, ki ɗaga lambar farko ta sigar, daga 1.8 zuwa 2.0 misali, bisa tsarin lambobi uku da Tom Preston-Werner ya tsara, inda lambar farko ke shelar cewa an karya wani abu, ta biyu ke nuna ƙari marar cutarwa, ta uku kuma gyaran kuskure.

Tambaya: A yawancin harsunan da na sani, in ana so a duba ko wani abu yana cikin jeri, contains ake cewa. Me ya sa JavaScript ta zaɓi includes? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ba zaɓin farko ba ne, ɗan'uwa. Kwamitin TC39 da ke tsara harshen contains ya so, amma akwai wani tsohon laburare mai suna MooTools da shafuka masu yawa ke amfani da shi, wanda ya ɗauki al'adar liƙa nasa ayyuka a jikin ginannun abubuwan harshen, kuma ya riga ya liƙa nasa contains. Da aka gwada sabon a burauza, sai ya yi karo da na MooTools, shafukan da ke aiki lafiya suka lalace. Masu waɗannan shafuka ba za a iya nemo su duka a ce su sabunta ba, kuma mai ziyara da ya ga shafi ya lalace burauzarsa zai zarga ya koma wata. Kwamitin ya janye, aka saki aikin da sunan includes a ƙa'idar 2016. Abin ya sake faruwa a 2018 da flatten, sanadin laburaren nan dai, shi ya sa yau muke rubuta flat.

Darasin da ke nan ya saɓa wa abin da aka saba ɗauka cewa ƙari ba ya cutarwa. Ƙara sabon suna ma yana iya karya wani, matuƙar wanin ya riga ya zauna a wurin. Shi ya sa nake hana duk mai rubuta laburare zuba sunayensa a filin da ba nasa ba. Ya tsaya a cikin shingensa, komai sauƙin da ɗaya hanyar ke nunawa a yau.

Tambaya: Malam, da girmamawa, ina ganin wannan lallaɓa tsofaffin sunaye tsoro ne kawai. In aka ci gaba a haka shara za ta yi ta taruwa, sababbin ɗalibai su yi ta haddace kurakuran da aka yi tun ba a haife su ba. Ai Python 3 ta karya komai kuma ga ta nan ta fi da ƙarfi. Daga wani tsohon ɗalibinka.

Amsa: Na ji daɗin wannan wasiƙa, kuma rabin maganarka gaskiya ce. Sharar tana da tsada. Duk wanda ya koyi PHP ya san wahalar tuna cewa strpos a manne take amma str_replace a rabe, kuma wannan wahala kowane sabon ɗalibi sai ya biya ta. Ba na cewa munanan sunaye kyauta ne. Abin da nake cewa shi ne a duba wanda zai biya kuɗin gyaran, kuma ko an tambaye shi.

Misalin da ka kawo ma a wajena hujja ce a ɗaya ɓangaren. Python 3.0 ta fito a Disambar 2008, ta sauya print, ta sauya yadda ake riƙe rubutu, ta kuma sauya sunaye da dama, ConfigParser ya koma configparser, Queue ya koma queue, aka wargaza urllib2. An tsara dakatar da Python 2 a 2015, sai aka ga jama'a ba su ƙaura ba, aka ɗaga zuwa 1 ga Janairun 2020. Shekara goma sha ɗaya masu laburare suna ɗauke da kaya biyu, suna rubuta kod ɗin da dole ya yi aiki a harsuna biyu masu kama da juna. Har sai da aka koma baya a Python 3.3, a 2012, aka maido da alamar u da ake sawa gaban rubutu, wadda aka cire da farko, don kawai a rage wa masu ƙaura wahala. Gyaran yadda ake riƙe rubutu ya cancanci a sha wuya dominsa, tunda tsohon tsarin yakan jawo lalacewar rubutun harsunan da suka wuce baƙaƙen Ingilishi. Sauya babban baƙi zuwa ƙarami a sunan Queue kuwa bai warkar da ciwon kowa ba, an dai ɗora shi ne a kan kayan da ya riga ya yi nauyi.

Akwai lokacin da ni ma zan ce a cire ba tare da jinkiri ba. Aikin gets na harshen C ba shi da hanyar sanin girman wurin da zai zuba abin da ya karanto, saboda haka babu yadda za a kira shi cikin aminci, kuma ta irin wannan ƙofa tsutsar Morris, wata muguwar manhaja da ta riƙa yaɗa kanta a intanet, ta bi a 1988. Da ƙa'idar C ta 2011 ta cire shi, ba wanda ya isa ya ce an yi gaggawa. Akwai kuma lokacin da sauyin ke zuwa dole daga waje, kamar yadda aka yi bayan kamfanin Oracle ya miƙa Java EE, ɓangaren Java na manyan manhajojin kamfanoni, ga gidauniyar Eclipse a 2017, ba a cimma matsaya kan ci gaba da amfani da sunan javax ba, sai Jakarta EE 9 ta mayar da komai jakarta a 2020. Aikin bai sauya ba, kalma guda ce ta sauya a saman fayiloli, amma sai da duk laburaren da ke jingine da juna suka jira juna, Spring Boot ma, wadda ake gina manhajojin Java a kanta, sai a siga ta 3 a ƙarshen 2022 ta ƙaura.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka koyi tsaftace gida ba tare da an rushe shi a kan mazauna ba. Go ta yi alkawari tun fitowar siga ta 1 a 2012 cewa kod ɗin da ya yi aiki zai ci gaba da aiki, kuma da ta so gyara sashenta na lambobin kan-mai-uwa-da-wabi, sai ta kawo math/rand/v2 a 2024 kusa da tsohon, kowa ya ƙaura ranar da ya shirya. Rust, wani harshen kuma, tana da tsarin bugu-bugu, na 2015 da 2018 da 2021 da 2024, inda kowane laburare ke bayyana bugun da yake bi kuma dukansu suna aiki tare a manhaja guda, ta haka ta mai da async keɓaɓɓiyar kalma, wato wadda harshe ya ware wa kansa ba a iya raɗa ta a matsayin suna, ba tare da tsohon kod ya tsaya ba. Python da ta keɓe wannan kalma a 3.7, a 2018, laburaren da suka riga suka yi amfani da ita a matsayin suna sun karye, PyTorch ma sai da ta sauya nata zuwa non_blocking. Amma da za a kawo match a 3.10, a 2021, sai aka tsara ta yadda kalmar ba ta zama keɓaɓɓiya sai a farkon irin jimlarta, domin tsohon aikin re.match, mai ɗauke da wannan kalma, yana ko'ina. Wannan ya fi wuyar ginawa, kuma masu harshen suka zaɓi su sha wuyar da kansu. Ban ga tsoro a cikin wannan ba, ɗan'uwa, na ga mutanen da suka ƙi garin neman gira su rasa ido.

Tambaya: Ina shirin sakin laburarena na farko. Me zan kiyaye tun yanzu? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Allah ya sa albarka, 'yar'uwa. Ki bayyana kaɗan. Duk sunan da kika bari a fili wani zai kama shi, ko kin rubuta shi a littafin jagora ko ba ki rubuta ba, don haka abin da na cikin gida ne ki sa masa alama: a Python layin ƙasa a farkon suna, a Go ƙaramin baƙi a farko, a Java kalmar private. Buɗe abin da ke rufe daga baya ba ya cutar da kowa, rufe abin da ke buɗe shi ne rigima.

Ki bi salon harshen da kike rubutu a ciki ko da wani salon ya fi kwanta miki, kuma ra'ayi guda ya riƙe kalma guda: in kin ce kawo a wuri ɗaya, kada ki ce ɗauko a wani wurin alhali aikin iri ɗaya ne. Suna ya faɗi abin da aikin ke yi, ba yadda yake yin sa a yau ba, domin in kika saka sunan rumbun bayanan da kike amfani da shi a jikin sunan aiki, ranar da kika sauya rumbu sunan ya zama ƙarya. Ki guji kalmomi irin su sabo da na zamani, tunda sabon yau shi ne tsohon gobe. Masu manyan tsare-tsare da suka rasa wurin faɗaɗa tsohon aiki sun koma liƙa wutsiya, shi ya sa Windows ke da CreateWindow da CreateWindowEx, Linux kuma ke da dup da dup2 da dup3, kuma kina iya rage buƙatar irin wannan in kika bar wa ayyukanki ƙofar karɓar ƙarin zaɓi tun farko.

Kafin ki rubuta 1.0, ki zauna a sigogin da ke farawa da sifili, inda tsarin lambobi uku ya yarda komai na iya sauyawa. Ki ba mutum biyu ko uku da ba su taɓa ganin laburaren ba jerin sunayen kaɗai, ba tare da bayani ba, ki ce su faɗa miki abin da suke zaton kowanne yake yi. Duk sunan da biyu daga cikinsu suka fassara ba daidai ba, ki sauya shi a wannan mako, tun masu amfani da laburaren ba su wuce waɗanda kike da lambar wayarsu ba.